Waɗanda Suka Tsira Amma Ba Su Dawo Ba

Tsakanin Amritsar da Lahore bai fi tafiyar kilomita 50 ba. A wani gajeren labari da Saadat Hasan Manto ya wallafa da harshen Urdu a 1948, jirgin ƙasa ya shafe awa takwas kafin ya cinye wannan 'yar tazara, kuma ba duk waɗanda suka hau shi ne suka sauka da rai ba. Cikin waɗanda suka sauka akwai wani dattijo, Sirajuddin, wanda ya farfaɗo da hantsi a kan dandaryar ƙasa a sansanin 'yan gudun hijira, ya daɗe yana kallon sama bai san abin da ya same shi ba. Sannu a hankali tunaninsa ya riƙa dawowa gutsure-gutsure: wuta, gudu, gawar matarsa, tasha, harbi. Inda suka rabu da 'yarsa Sakina ne ya kasa tunawa. Da ya sa hannu a aljihu sai ya ji mayafinta, wanda ya faɗi suna cikin gudu ya tsaya ya ɗauka. Ga mayafi, babu mai shi.

Ya kai kukansa ga wasu samari takwas 'yan sa-kai, masu mota da makamai, waɗanda ke tsallaka iyaka suna kwaso mata da yaran da aka baro a baya. Ya kwatanta musu ita, har da tawadar Allah da ke kumatunta. Suka kuwa same ta a bakin hanya, suka kwantar mata da hankali, suka ba ta abinci da madara, ɗayansu ma ya tuɓe kwat ɗinsa ya ba ta ta rufe jiki. Daga nan Manto ya ɗauke idon mai karatu daga kanta. Kwanaki suka shuɗe. Uban ya hangi samarin a sansani ya tambaye su, suka ce masa za a same ta, ya bi su da addu'a. Da yammacin ranar aka shigo da wata yarinya asibitin sansanin, an tsince ta a sume kusa da layin dogo. Likita ya taɓa jijiyar hannunta, ya ga ɗakin da duhu, ya nuna taga ya ce a buɗe. Yarinyar da ke kwance kamar gawa sai hannunta ya motsa, ya lallaɓa ya kai ga zariyar wandonta, ya kwance. Uban ya ɗaga murya yana murna 'yarsa na da rai. Likitan kuwa gumi ya karyo masa tun daga kai har ƙafa. Nan labarin ya tsaya. Sunansa Khol Do, wato umarnin a buɗe.

Labarin shafi uku ne ko huɗu, amma yana ɗauke da mafi muhimmancin abin da adabin Urdu ya gano game da rabuwar Indiya da Pakistan. Manto bai nuna abin da samarin suka aikata ba. Abin da ya nuna shi ne hannun da ya sha jin kalma guda daga bakin mazaje, har ya koyi yi mata biyayya ba tare da ya jira izinin mai shi ba. Jiki magayi, in ji Hausawa. A wannan ɗaki jikin ne kaɗai ya rage da zai ba da shaida, domin Sakina ba ta ce uffan ba. Uba ya ga rai, kuma bai yi ƙarya ba. Likita ya ga abin da aka yi wa ran. A rajistar sansani za a rubuta sunanta cikin waɗanda aka samu.

Ya kamata a tuna girman abin da ya faru. A tsakiyar Agustan 1947 Turawan Ingila suka sauka daga mulkin Indiya bayan sun raba ta biyu: Pakistan ga yankunan da Musulmi suka fi yawa, Indiya ga sauran. Wanda aka ɗora wa shata iyakar wani lauya ne daga Landan, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka ƙasar ba sai a watan Yulin shekarar, aka kuma ba shi mako biyar. Layin da ya ja ya ratsa tsakiyar lardunan Punjab da Bengal, kuma ba a bayyana shi ba sai ranar 17 ga Agusta, bayan an gama bikin samun 'yanci. Akwai garuruwan da suka kwana biyu da 'yancin kai ba su san ƙasar da suke ciki ba. Mutum miliyan 12 zuwa 15 suka bar gidajensu. A Punjab Musulmi suka nufi yamma, mabiya Hindu da Sikh suka nufi gabas, wasu a ƙafa, wasu a keken shanu, wasu a kan rufin jirgin ƙasa. Ƙiyasin waɗanda aka kashe ya kama daga 200,000 har zuwa miliyan 2, kuma faɗin wannan tazara kaɗai ya isa ya nuna cewa babu wanda ya tsaya ƙirga. Matan da aka sace ana ƙiyasta su da kimanin 75,000.

Mafi yawan kisan ba sojoji ne suka yi shi ba. Mutanen gari ne, sau da yawa waɗanda suka san sunan wanda suke sara. Bayan ƙura ta lafa, ba a kafa wata kotu ta musamman da ta bi kadin jinin ba, ƙasashen biyu kuma kowace ta fi son ta tuna shekarar a matsayin shekarar 'yanci. Manyan littattafan da suka tattara shaidar matan da abin ya shafa daga bakinsu, na Urvashi Butalia da na Ritu Menon tare da Kamla Bhasin, sai a 1998 suka fito. Gidan tarihin rabuwar da ke Amritsar sai a 2017 aka buɗe shi. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san firgicin da ke kama sojoji tun Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma sai a 1980 ƙungiyarsu ta Amurka ta shigar da ciwon da ke biyo bayan masifa cikin kundinta da suna nasa na kansa. Ke nan, kusan shekara 50 wurin da aka fi adana labarin abin da 1947 ta yi wa zukatan mutane shi ne shafukan mujallun adabi na Lahore da Delhi da Bombay.

Urdu ne ya ɗauki kaso mai tsoka na wannan nauyi, kuma da dalili. Ana rubuta shi da baƙaƙen da suka samo asali daga Larabci, kamar ajami, shi ya sa yau ake masa kallon harshen Musulmi. A wancan lokaci kuwa shi ne harshen makaranta da kotu da jarida a Punjab, ko mene ne addinin mutum. Krishan Chander mabiyin Hindu ne, Rajinder Singh Bedi ɗan Sikh ne, Manto Musulmi ne, duk da Urdu suke rubutu, a mujallu ɗaya, ga masu karatu ɗaya. (Wanda ya taso da kallon tsofaffin fina-finan Indiya ya taɓa jin aikin wasunsu ko bai sani ba: Bedi ne ya rubuta maganganun Devdas na 1955 da Madhumati na 1958.) Da wuƙa ta shiga tsakani, marubutan suka sami kansu suna rubuta wa mai kisa da ɗan'uwan wanda aka kashe a shafi guda.

Hanyar farko da da yawa suka bi ita ce ta sikeli. Mafi shahara a nan shi ne Peshawar Express na Krishan Chander, inda jirgin ƙasa da kansa ke ba da labari. Ya taso daga Peshawar ɗauke da mabiya Hindu da Sikh, a tasha bayan tasha Musulmi suna yanka su. Da ya tsallaka iyaka sai reshe ya juye da mujiya, fasinjojin da suka tsira suka shiga yanka Musulmi. Niyyar kyakkyawa ce, ta Ƙungiyar Marubuta Masu Ra'ayin Ci Gaba ce da aka kafa a 1936, wadda ke son a ga cewa laifin na kowa ne, don kada labari ya zama makamin ramuwa. Sai dai manazarta irin su Muhammad Hasan Askari da Mumtaz Shirin sun yi wa wannan salo tankiya tun a lokacin, kuma suna da gaskiya. Marubucin da ke auna gawa da gawa, idan ya kashe biyar a nan sai ya nemo biyar a can, hankalinsa na kan sikelin ne. Mutanen cikin labarin sun koma ma'auni. Mai karatu zai rufe littafin ya ce kowa ya yi, ya ji sanyi a ransa, alhali bai shiga zuciyar kowa ba.

Manto bai auna ba. A Khol Do waɗanda suka ci amanar Sakina mutanen da aka aika su ceto ta ne, na ɓangarenta, kuma hukumomin sabuwar Pakistan sun fahimci hakan sarai: suka dakatar da mujallar Nuqoosh da ta buga labarin har tsawon wata shida. A shekarar ce kuma ya fitar da Siyah Hashiye, wato baƙin gefen takarda, tarin 'yan labarai talatin da 'yan kai, wasu ba su wuce layi biyar ba, kuma a mafi yawansu bai ma faɗi addinin kowa ba. A ɗaya, 'yan kisa sun tsayar da jirgi, za su yanka wani fasinja a cikin tarago, sai ɗayansu ya hana, ya ce a fita da shi waje kada a ɓata taragon. A wani, mutumin da ya wawuri buhunan sukari ya ji tsoron 'yan sanda, ya je zubar da su a rijiya da dare, ya faɗa ciki ya mutu. Da gari ya waye aka ɗebi ruwa aka ji zaƙi, daren nan aka kunna fitilu a kan kabarinsa ana cewa waliyyi ne. Mutum zai yi dariya, sannan ya ji kunyar dariyar. Abokansa na da sun zarge shi da yi wa gawa ba'a. Abin da ya kama kuwa shi ne cewa masu kisan ba su rabu da ɗabi'unsu na kullum ba. Suna son tsabta, suna girmama waliyyai, suna kiyaye ƙa'ida. Ɗabi'un na nan daram, abin da ya kamata su tsare ne ya zube.

Ya san wannan daga kusa. Yana Bombay yana aikin rubuta fim lokacin rabuwar, kuma babban amininsa shi ne jarumin fim Shyam, wanda ba Musulmi ba ne. Manto da kansa ya ba da labarin cewa wata rana sun saurari wani iyalin Sikh da suka tsero daga Rawalpindi suna faɗin abin da aka yi musu. Da suka fito ya tambayi Shyam ko yana jin zai iya kashe shi. Shyam ya amsa cewa yanzu dai a'a, amma a daidai lokacin da yake sauraron mutanen nan, zai iya. A watan Janairun 1948 Manto ya hau jirgin ruwa ya bar Bombay, birnin da ya fi so a duniya, ya koma Lahore, inda babu masana'antar fim da za ta ciyar da shi. Shyam ya raka shi har tashar jirgin.

Wataƙila shi ya sa bai ɗauki mai kisa a matsayin dodo ba. A Thanda Gosht, wato nama mai sanyi, Ishar Singh ya dawo daga wawaso ya kasa kusantar masoyiyarsa Kulwant Kaur. Ta zaci wata ce ta ɗauke masa hankali, kishi ya kwashe ta ta soke shi da wuƙarsa. Yana zubar da jini ya faɗa mata gaskiya: ya kashe maza shida a gida ɗaya, ya saɓo wata yarinya a kafaɗa ya kai ta bayan gari, sai bayan ya afka mata ya gane ta riga ta mutu. Kisan mutum shida bai hana shi barci ba. Sanyin wannan gawa ne ya bi shi gida, ya shiga jikinsa ya zauna, har da Kulwant ta kama hannunsa a ƙarshe ta ji shi kamar ƙanƙara. An gurfanar da Manto bisa zargin batsa saboda wannan labari. Kotun farko ta yanke masa ɗaurin wata uku da tara, ya ɗaukaka ƙara aka soke hukuncin, gwamnati ta kai babbar kotu aka dawo da tarar. Kotunan da ba su saurari shari'ar irin su Ishar Singh ba sun sami lokacin sauraron shari'ar wanda ya rubuta shi, har hawa uku.

Inda gajeren labarin Urdu ya fi nisa, a ganin mai bibiyarsa da kyau, shi ne batun matan da aka sace. A watan Disamban 1947 gwamnatocin biyu suka ƙulla yarjejeniyar nemo su da mayar da kowace ga ƙasar da addininta ya nuna. A 1949 Indiya ta yi doka a kan haka, wadda ta ba 'yan sanda ikon shiga gida su ɗauke mace ba tare da takardar kotu ba, kuma ra'ayin matar ba shi ne abin da ke yanke hukunci ba. Cikin shekarun da aikin ya ɗauka an mayar da kimanin mata 30,000 a ɓangarorin biyu. Da yawa an same su da goyo ko da ciki, wasu aka raba su da 'ya'yan. A takarda sunan wannan aiki ceto.

Lajwanti na Bedi ya fara daga inda takardar ta tsaya. Sundar Lal mutumin Ludhiana ne da aka sace matarsa Lajo. Kafin rabuwar dukanta yake yi a kan abin da bai kai ya kawo ba, ita kuma ta ɗauki hakan a matsayin halin maza. Rashinta ya sa ya yi nadama, ya zama sakataren kwamitin unguwa mai kira ga mazaje da iyaye su karɓi matansu da aka dawo da su. Kowace asuba yana gaban jerin gwano. Aikin ba ƙarami ba ne, domin akwai iyalan da suke juya wa 'ya'yansu baya suna tambayar me ya hana su shan guba ko faɗawa rijiya; kuma tambayar ba daga iska ta zo ba, tun da a ƙauyen Thoa Khalsa na gundumar Rawalpindi mata kusan 90 sun faɗa rijiya ɗaya a watan Maris na 1947, aka riƙa ba da labarinsu a matsayin abin koyi. Sundar Lal yana gardama da irin waɗannan mutane a bainar jama'a, kuma da zuciya ɗaya yake yi.

Sai Lajo ta dawo. Abin da ya fara girgiza shi shi ne ganin ba ta rame ba, ta ma yi ɗan haske, kuma ta yafa mayafi irin na matan Musulmi. Ya shirya wa karɓar ƙwarangwal, ga mace da jini a jika. Duk da haka ya kama hannunta ya kai ta gida. Bai ƙara dukanta ba. Ya daina kiranta da sunanta, ya koma kiranta da laƙabin da mabiya Hindu ke ba abar bauta mace. Sau ɗaya ya tambaye ta wane ne, ta faɗi sunan. Ya tambaya ko yana dukanta, ta ce a'a. Da ta buɗe baki za ta ci gaba, sai ya tare ta da lallashi, ya ce a bar abin da ya wuce, ba laifinta ba ne. Daga ranar ƙofar ta rufe. Lajo ta wayi gari tana kewar mijin da ke dukanta, domin wancan aƙalla da mace yake faɗa, wannan kuwa gunki ya ajiye a ɗaki. Sunanta ma na tsiron nan ne mai kunya, wanda ganyensa ke naɗewa da zarar an taɓa shi, mijin kuma ya ɗauki darasin a zahirinsa, ya daina taɓawa.

Wanda ya bibiyi halin matan da aka kuɓutar daga hannun Boko Haram a Borno da maƙwabtanta ba ya buƙatar dogon bayani a kan ƙyamar da ke jiran wadda ta dawo. Wani rahoto da UNICEF da International Alert suka fitar a 2016 ya ruwaito yadda ake kiran wasunsu annoba, ake gudun 'ya'yan da suka dawo da su. Ƙyama dai ana ganinta, ana iya yin wa'azi a kanta. Abin da Bedi ya tono ya fi wannan ɓoyuwa: mutumin kirki, mai faɗa da masu ƙyama, wanda ya yafe tun kafin ya ji, don kada ya ji. Babu kwamitin da zai iya kama shi da laifi. Ita ma Lajo ba ta da kalmar da za ta kai ƙararsa da ita.

Jamila Hashmi ta duba lamarin ta ɗaya gefen. A labarinta Ban-bas, wato zaman gudun hijira a daji irin wanda Sita ta yi a tatsuniyar Hindu, mai ba da labarin Musulma ce da wani ɗan Sikh, Gurpal, ya kawo ƙauyensu bayan an kashe iyayenta, ya miƙa wa kakarsa a matsayin mai aikin gida. Shekaru sun wuce, ta haifa masa 'ya'ya, ana kiranta surukar gida ba tare da an taɓa ɗaura aure ba. Da sojoji suka zo neman matan da aka sace, ɓuya ta yi. Wa za ta koma wa, da wace fuska, kuma 'yarta fa? Ba ta yafe ba, ba ta manta ba, tana dai dafa abinci. Manto ma yana da irin wannan a Khuda ki Qasam, inda wata tsohuwa ke yawo gari-gari tana neman 'yarta har hankalinta ya gushe, tana cewa 'yar ta yi kyau da yawa babu mai iya kashe ta. Rannan 'yar ta wuce ta gabanta a lulluɓe, tare da wani saurayi ɗan Sikh, ta gane uwar, ta ja hannunsa suka ƙara sauri. Jami'in da ke ba da labarin, don ya hutar da tsohuwar, ya rantse mata da Allah cewa 'yarta ta mutu. Nan take ta faɗi.

Wasu marubutan sun ɗauki shekaru kafin su gano siffar abin da ke damunsu. Intizar Husain, ɗan asalin garin Dibai wanda ya koma Lahore a 1947 ya kuma rasu a can a 2016, ya yi ƙoƙarin fahimtar ƙaurar da ma'anar hijira, irin wadda ke buɗe sabon babi ga al'umma. Waɗanda suka zo daga Indiya ma muhajirai ake ce musu a Pakistan. Bayan 1971, lokacin da Pakistan ta Gabas ta ɓalle ta zama Bangladesh cikin wani sabon zubar da jini, wannan fata ta dusashe a rubutunsa. A Woh Jo Kho Gaye, wato waɗanda suka ɓace, mutum huɗu da suka tsere daga wani gari da ba a ambata ba sun tsaya a daji suna ƙirga kansu. Kowa ya ƙirga sai ya ga saura ɗaya. Ba su tuna sunan wanda ya ɓace ba, ba su tuna fuskarsa ba, ba su ma tabbatar da yawansu tun farko ba. Tsohuwar tatsuniyar wawaye ce da ke mantawa da ƙirga kansu, amma a nan ba ta ba da dariya, domin da suka gano kuskuren sai kowa ya fara zargin ko shi ne wanda ya ɓace. Babu jini a labarin in ban da rauni a kan ɗayansu.

Amma tun kafin wannan, Manto ya riga ya kai batun gidan mahaukata. Toba Tek Singh, wanda ya fito a 1955, ya fara ne da cewa shekara biyu ko uku bayan rabuwar gwamnatocin biyu sun tuna cewa ba su raba masu taɓin hankali ba. Wannan ba ƙirƙira ba ce: an yi irin wannan musaya a 1950. Shi kansa Manto ya kwanta a asibitin masu taɓin hankali na Lahore a farkon shekarun 1950, lokacin da giya ta ci ƙarfinsa, saboda haka ya san ɗakunan daga ciki. A labarin, da zance ya iso wa majinyata, sai muhawara ta kaure. In suna Indiya, ina Pakistan take? In suna Pakistan, yaya aka yi jiya suna Indiya alhali ba su motsa ba? Wani ya hau bishiya ya ce shi ba ya son ko ɗaya, a nan zai zauna. Wani ya ce shi ne Jinnah, wani ɗan Sikh ya ce to shi ne Master Tara Singh, shugaban Sikh na lokacin, sai da aka kulle su a ɗakuna daban don kada rikicin addini ya tashi a asibiti. Mai karatu zai yi ta neman tambaya ɗaya cikin tambayoyinsu wadda masu hankalin waje suka amsa, ba zai samu ba.

A cikinsu akwai Bishan Singh, mai gonaki daga garin Toba Tek Singh, wanda ya shekara 15 a asibitin bai kwanta ba. Kullum a tsaye yake, ƙafafunsa sun kumbura, bakinsa na maimaita wasu kalmomi da aka cakuɗa daga harsuna dabam-dabam, ba su da kai ba su da gindi. Tambayarsa ɗaya ce: garinsa yana wace ƙasa? Masu gadi ba su sani ba. Majinyacin da ke cewa shi ne Ubangiji ya ce bai yanke hukunci ba tukuna, aiki ya yi masa yawa. Wani tsohon abokinsa Musulmi, Fazal Din, ya kawo masa ziyara, ya ce iyalinsa duk sun isa Indiya lafiya. Da ya zo kan 'yarsa Roop Kaur sai harshensa ya sarƙe, ya yi jim, sannan ya ce ita ma lafiya. Manto bai ƙara komai a kan wannan ba. Duk wanda ya karanta Khol Do ya san abin da ke cikin wannan jim ɗin.

Daren musaya aka kai su iyakar Wagah cikin sanyi. Da aka zo rubuta sunan Bishan Singh ya tambayi jami'in, jami'in ya yi dariya ya ce garin na Pakistan. Sai ya juya da gudu. Aka kamo shi, aka lallashe shi, aka yi masa ƙaryar cewa an mayar da garin Indiya, ya ƙi. Ya kafe a tsakiya a kan kumburarrun ƙafafunsa, da yake kuma ba mai cutar da kowa ba ne aka ƙyale shi aka ci gaba da aiki. Gab da fitowar rana aka ji ya ƙwala ihu. Jami'an ɓangarorin biyu suka rugo suka same shi kwance rubda ciki, karo na farko cikin shekara 15, waya mai ƙaya a gabansa, waya mai ƙaya a bayansa, a kan ɗan filin da ba na kowace ƙasa ba.

Ana yawan karanta labarin a matsayin habaici ga 'yan siyasa, cewa su ne mahaukatan, kuma akwai wannan a ciki. Amma in a nan aka tsaya an rage masa nauyi. Bishan Singh ya manta 'yarsa, ya manta ranaku da watanni, ya manta yadda ake haɗa magana. Abu ɗaya ya rage masa da yake gane kansa da shi, sunan garinsu, har ma'aikatan asibiti suka daina kiransa da sunansa suka koma kiransa da sunan garin. Abin da aka nema daga gare shi a Wagah shi ne ya tsallaka ya bar wannan a baya, don addininsa na can, ƙasarsa na nan. Miliyoyin masu cikakken hankali an nemi haka daga gare su, suka yi, suka rayu, suka gina gidaje a Delhi da Karachi, wasunsu suka mutu da makullin tsohon gida a akwati.

Manto ya rasu a Lahore ranar 18 ga Janairun 1955, yana da shekara 42, hantarsa ta lalace, ya bar mata da 'ya'ya mata uku. Toba Tek Singh kuwa gari ne na gaske a Punjab ta Pakistan. Ana cewa ya samo sunansa daga wani ɗan Sikh, Tek Singh, da ke zaune a bakin tafki yana shayar da matafiya ba ya tambayar addininsu. Mabiya Sikh na yankin sun tafi a 1947. Babban birnin da garin ke ƙarƙashinsa a da, Lyallpur, an sauya masa suna zuwa Faisalabad a ƙarshen shekarun 1970. Toba Tek Singh ya zama gunduma mai zaman kanta a 1982, kuma har yau sunan da ke jikin allon tashar jirginsa ke nan.